John Stuart na Bute: Bafaden da Ya Zama Firayim Ministan Birtaniya

John Stuart, wanda aka fi sani da Lord Bute, basarake ne ɗan ƙasar Sikotland, bafade kuma ɗan siyasa, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Ministan Birtaniya daga 26 ga Mayu 1762 zuwa 8 ga Afrilu 1763. Shi ne mutumin Sikotland na farko da ya hau wannan kujera tun bayan haɗewar ƙasarsa da Ingila a 1707. Bai cika shekara guda a kanta ba. Duk da haka, a cikin waɗannan 'yan watanni ne aka kawo ƙarshen Yaƙin Shekara Bakwai, aka sake rabon ƙasashen da Turawa ke mallaka daga Kanada har zuwa bakin kogin Senegal, shi kuma ya zama mutumin da aka fi zagi a titunan Landan. Ba shi da jam'iyya, ba shi da magoya baya a majalisa. Abin da ya kai shi can guda ɗaya ne, wato ƙauna da amincewar Sarki Joji na Uku, wanda ya taso a hannunsa.

Asali

An haife shi a birnin Edinbura ranar 25 ga Mayu 1713. Gidansu reshe ne na tsohon gidan sarautar Stuart, kuma tsibirin Bute da ke yammacin Sikotland shi ne ƙasarsu ta gado. Suna ne babba, sai dai dukiyar ba ta kai sunan ba. Mahaifinsa ya rasu a 1723, yaron ya gaji sarautar Earl na Bute, ya zama na uku a jerin masu riƙe ta, yana da shekara 9. Kawunansa biyu na gidan Argyll, waɗanda siyasar Sikotland take a tafin hannunsu a lokacin, su suka ɗauki riƙonsa. Ya yi makarantar Eton, sannan ya karanta shari'a a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan.

A 1736 ya auri Mary, 'yar wani hamshaƙin attajiri mai arzikin kwal, Edward Wortley Montagu. Surukarsa ita ce Lady Mary Wortley Montagu, marubuciyar nan da ta ga yadda ake rigakafin cutar agana a ƙasar Turkiyya ta kawo dabarar Ingila. Dukiyar surukin nasa ba ta shigo gidan Bute ba sai bayan rasuwar tsohon a 1761, don haka ma'auratan sun daɗe suna rayuwa cikin lissafi.

Dokar haɗewar 1707 ta ba masu sarautar Sikotland kujeru 16 kacal a Majalisar Dattawa ta Landan, su zaɓi wakilai a tsakaninsu. Bute ya samu ɗaya a 1737, ya bi ɗaya daga cikin kawunansa wajen adawa da gwamnatin Robert Walpole, ya rasa kujerar a zaɓen 1741. Sai ya koma tsibirinsa, ya shiga noma da dashen itatuwa da nazarin tsirrai. Shekara 20 cur ya yi ba ya cikin majalisa, abin da ya zame masa babban giɓi a lokacin da mulki ya faɗo hannunsa.

Daga teburin karta zuwa ɗakin karatun yarima

Ya koma kudancin Ingila da iyalinsa a daidai lokacin tawayen 1745, wanda magoya bayan tsohon gidan Stuart suka yi don ƙwato gadon sarauta daga gidan Hanoba. Ba shi da hannu a tawayen, kawunsa da ke raye a lokacin ma gwamnati ya mara wa baya. Amma sunan Stuart da harshen Sikotland sun isa su sa Bature ɗan Ingila na wancan zamani ya yi masa kallon tuhuma.

Labarin da aka saba bayarwa shi ne, a 1747, a filin sukuwa na Egham, ruwan sama ya tsare Yarima Frederick mai jiran gado a cikin rumfa, ana neman wanda zai cika hannu a wasan karta, sai aka kira Bute. Daga nan sabo ya shiga. Bute kyakkyawa ne, dogo, mai kwarjini, gwanin wasan kwaikwayo irin wanda manya ke yi a gidajensu don nishaɗi, kuma yana da sanin lambu, abin da Frederick ke so ƙwarai. A 1750 aka naɗa shi cikin hadiman ɗakin yariman.

Sai mai karatu ya san halin gidan Hanoba kafin ya gane darajar wannan matsayi. A gidan, uba da ɗansa magaji ba sa ga maciji da juna. Sarki Joji na Biyu ya tsani Frederick, shi ma ɗan bai raga masa ba. Saboda haka gidan yarima, Leicester House, ya zama fada ta biyu, matattarar 'yan siyasar da ba su samu shiga a wajen tsohon sarki ba, suna jiran ranar da zamani zai juya. Sai ga shi Frederick ya rasu ba zato a watan Maris 1751, ya bar matarsa Gimbiya Augusta da ɗansu Joji mai shekara 12. Mafi yawan masu jiran gawon shanu suka watse. Bute ya tsaya. Augusta baƙuwa ce daga Jamus, gwauruwa, tana tsoron surukinta sarki, tana kuma tsoron ƙanin mijinta, Duke na Cumberland, mai riƙe da sojoji. A wajen Bute ta sami wanda za ta iya yi wa magana ba tare da ta ji ta a fadar sarki washegari ba. Daga 1755 ta danƙa masa tarbiyyar ɗanta.

Joji yaro ne mai kunya, wanda aka tsare daga sa'o'insa, bai yarda da malaman da gwamnati ta ɗora masa ba, kuma yana ganin kansa a matsayin rago marar amfani. Bute ya sa shi karatu na gaske. Yakan ba shi aikin rubuta dogayen maƙaloli a kan tarihin Ingila da tsarin mulki da harkar kuɗin gwamnati, ya karanta ya gyara, kuma da yawansu suna nan har yau a ma'ajiyar takardun gidan sarauta a Windsor. Wasiƙun da yariman ya riƙa aika masa suna nuna saurayin da ya samu uba bayan ya rasa nasa. Yana kiransa babban amininsa, yana neman gafararsa idan ya yi kasala, har yana cewa ba zai iya ɗaukar sarauta ba in babu shi. A 1756, da yarima ya cika shekara 18, ya kafe sai an naɗa Bute shugaban hadiman ɗakinsa, kakansa sarki ya yarda ba da son ransa ba. Ko da zuciyar Joji ta karkata ga Lady Sarah Lennox, Bute ya tuntuɓa, da ya ce masa bai dace ba sai ya haƙura, daga baya ya auri Gimbiya Charlotte ta Mecklenburg a Satumba 1761.

Tarbiyyar ta haifar da alheri mai yawa. Joji ya tashi mai tsoron Allah a bisa addininsa, mai tattali, mai riƙon aure, mai son littattafai da kimiyya. Amma Bute ya cusa masa wani abu mai cutarwa, wato cewa manyan 'yan siyasar ƙungiyar Whig, waɗanda ke juya ƙasar tun 1714, duk maciya amana ne da suka mai da kakansa fursuna a fadarsa. Malamin da bai taɓa riƙe ofis ba ya koya wa ɗalibinsa raina waɗanda suka tsufa a cikin aikin.

Mulki

Joji na Biyu ya rasu ranar 25 ga Oktoba 1760, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai da Faransa, Birtaniya kuma tana cin nasara ta ko'ina. Mutum biyu ke riƙe da gwamnati: William Pitt, mai tsara yaƙin kuma gwarzon talakawan Landan, da tsoho Duke na Newcastle, mai riƙe da baitulmali da rabon muƙamai. Tun a ranar farko aka ga alamar abin da ke tafe. Jawabin da sabon sarki ya karanta wa mashawartansa Bute ne ya tsara shi, kuma a ciki an siffanta yaƙin da mai zubar da jini da cin kuɗi. Pitt ya yi tsaye sai da aka sassauta kalmomin kafin a buga su.

A Maris 1761 aka naɗa Bute Sakataren Gwamnati mai kula da hulɗa da ƙasashen arewacin Turai. A watan Oktoba Pitt ya nemi a auka wa Sifaniya tun kafin ta shirya, domin ya samu labarin ta ƙulla ƙawance da Faransa. Sauran ministoci suka ƙi, ya yi murabus. Bayan wata uku kacal, a Janairu 1762, dole ta sa aka shiga yaƙin da Sifaniyar, jama'a kuwa suka ce ai ga maganar Pitt ta fito. A watan Mayu Newcastle ma ya sauka, saboda saɓani a kan kuɗin yaƙin Jamus da tallafin fam 670,000 da ake ba Sarki Frederick na Furushiya duk shekara, wanda Bute ya dakatar. Sarkin Furushiya bai taɓa yafe wannan ba. Da fitar Newcastle, Bute ya karɓi shugabancin baitulmali, wanda shi ne matsayin firayim minista.

Sulhun Faris

Aikin da ya sa a gaba shi ne tsai da yaƙi, kuma yana da hujja. Bashin ƙasa ya tashi daga wajen fam miliyan 75 kafin yaƙin zuwa sama da miliyan 130 a ƙarshensa. Ya tura Duke na Bedford Faransa, aka sa hannu a kan sharuɗɗan farko a Fontainebleau ranar 3 ga Nuwamba 1762, sannan aka kammala yarjejeniyar a birnin Faris ranar 10 ga Fabrairu 1763.

Birtaniya ta tashi da Kanada baki ɗaya, da ƙasar da ke gabas da kogin Misisipi in ban da birnin New Orleans. Ta karɓi Florida daga Sifaniya a madadin birnin Havana da ta ci da yaƙi. Ta riƙe tsibiran Grenada da Dominika da Saint Vincent da Tobago, aka kuma mayar mata da Minorca. A Afirka ta Yamma ta riƙe wuraren cinikin Faransa na kogin Senegal, waɗanda ta ƙwace tun 1758, inda ake sayen ƙaron da masaƙun Turai ke buƙata, amma ta mayar wa Faransa tsibirin Gore, tashar cinikin bayi. Faransa ta kuma karɓi tsibiranta masu arzikin rake, Guadeloupe da Martinique, da tsibirin Saint Lucia, da 'yancin kamun kifi a gaɓar Newfoundland, da shagunan cinikinta na Indiya. Mutanen da ke zaune a waɗannan ƙasashe, da bayin da ke noman raken, babu wanda ya tambaye su.

Pitt ya zo majalisa da ciwon ƙafa, ana tallabe da shi, ya yi sama da awa uku yana sukar sharuɗɗan, yana cewa an bar wa Faransa abin da za ta sake gina rundunar ruwanta da shi. Amma majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 319, masu ƙi 65. Idan aka duba da idon basira, yarjejeniya ce mai tsoka, Birtaniya ba ta taɓa samun irinta ba, kuma Bute ya cancanci yabo da ya gane cewa akwai ranar da za a biya kuɗin kowace nasara.

Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne hanyar da ya bi ya samu ƙuri'un. Tun da shi ɗan majalisar dattawa ne, ba ya iya shiga zauren wakilai, sai ya ɗauko Henry Fox, mutumin da ya koya wa Joji ƙyamarsa tun yana yaro, ya ba shi wuƙa da nama. Bayan ƙuri'ar Fox ya bi mutanen Newcastle da kora, tun daga manyan hakiman larduna har ƙananan ma'aikatan kwastan da 'yan fansho. Wanda ya zo da alkawarin tsarkake siyasa ya ƙare da yin abin da ya fi na magabatansa muni. A zamaninsa ne kuma aka yanke shawarar girke sojoji kusan 10,000 a Amurka ta Arewa, kuma neman kuɗin ciyar da su ne ya haifar da harajin da ya tunzura Amurkawa bayan ya sauka.

Takalmi da fatari

Ƙiyayyar da aka yi wa Bute ta wuce ta siyasa. Tun a Nuwamba 1761, a ranar bikin magajin garin Landan, taron jama'a ya far wa karusarsa da jifa da taɓo, har ya zama sai da rakiyar 'yan dambe yake fita. Da yake sunansa ya yi kama da kalmar dogon takalmi a Turanci, sai masu zanga-zanga suka riƙa rataye takalmin tare da fatarin mace suna cinna musu wuta. Fatarin na nufin Gimbiya Augusta, wadda aka yi wa ƙazafin cewa tana lalata da shi. An zana hotuna na batsa ɗaruruwa a kan wannan. Babu wata shaida da aka taɓa kawowa, kuma duk abin da aka sani game da Bute na nuna mutum ne mai riƙe da matarsa, uban 'ya'ya 11. Zalunci ne aka yi wa gwauruwar da laifinta kawai ta amince da shi, kuma ta sha wannan zagi har ranar jana'izarta a 1772.

Sai kuma ƙabilanci. Ana cewa ya cika ofisoshin gwamnati da 'yan uwansa mayunwata daga arewa. Ya ɗauki marubuci Tobias Smollett ya fitar da jarida mai suna The Briton don kare gwamnati, sai ɗan majalisa John Wilkes da abokinsa Charles Churchill suka fito da tasu, The North Briton, a Yuni 1762, kowane mako suna yi wa Bute da mutanen Sikotland wankin babban bargo. Ta Wilkes aka fi saye nesa ba kusa ba.

Abin da ya cika ma'aunin shi ne harajin giyar tuffa na 1763, sule 4 a kan kowace babbar ganga, wanda ministan kuɗinsa Francis Dashwood ya kawo. Dokar ta ba ma'aikatan haraji ikon shiga gidajen manoma su bincika, sai lardunan yammacin Ingila masu noman tuffa suka ɗauki zafi. Dokar ta wuce a majalisa, sarki na bayansa ɗari bisa ɗari, amma Bute ya gaji. Barci ya ƙaurace masa, lafiyarsa ta taɓu, tsoro ya kama shi. Ranar 8 ga Afrilu 1763 ya ajiye aiki, ya ba da shawarar a naɗa George Grenville. Bayan mako biyu Wilkes ya fitar da fitowa ta 45 ta jaridarsa, ya soki jawabin sarki a kan sulhun, aka kama shi da sammacin da bai ambaci sunan kowa ba, shari'ar da ta biyo baya kuwa ta kai ga haramta irin wannan sammaci a Ingila.

Bayan murabus

Babban kuskurensa na biyu shi ne, ya bar kujera amma bai so ya bar kunnen sarki ba. Ya zaci Grenville zai riƙa ɗaukar zafin majalisa, shi kuma yana ba da shawara daga bayan labule. A Agusta 1763 ya yi yunƙurin dawo da Pitt don a ture Grenville, abin bai yiwu ba, Grenville kuwa ya gindaya sharaɗin sai Bute ya bar Landan, ya kuma ajiye riƙon asusun sarki. A Mayu 1765 ya tilasta wa sarki ya yi alkawarin daina tuntuɓarsa, ya kuma sa aka tuɓe ƙaninsa James Stuart Mackenzie daga muƙaminsa na Sikotland. Joji ya ji zafin wannan wulaƙanci, amma shi ma ya girma, ya fara ganin raunin malaminsa. Zuwa 1766 hulɗarsu ta siyasa ta yanke gaba ɗaya.

Jama'a ba su yarda ba. Shekara da shekaru duk abin da ya lalace sai a ce Bute ne. A birnin Boston na Amurka, ranar 14 ga Agusta 1765, masu adawa da harajin tambarin da Birtaniya ta ɗora musu sun rataye takalmi da siffar shaiɗan na leƙowa daga ciki, alhali mutumin ya bar mulki fiye da shekara biyu. A jihar Karolina ta Arewa, gundumar da aka raɗa wa sunansa a 1764 an raba ta biyu a 1779 aka shafe sunan. Tsofaffin 'yan Whig ma labarin ya yi musu rana, domin ya ba su dalilin da za su faɗa na rasa mulki, kuma ɗan siyasarsu Edmund Burke ya gina hujjarsa ta 1770 a kan cewa akwai wata ɓoyayyiyar gwamnati a cikin fada. Sai a ƙarni na 20, da binciken masanin tarihi Lewis Namier da kuma buga wasiƙun sarkin zuwa ga Bute da Romney Sedgwick ya yi a 1939, aka tabbatar cewa bai koya wa Joji mulkin kama-karya ba, kuma tasirinsa ya ƙare tun da wuri.

Tsirrai da masana

A fagen ilimi ne aikinsa ya fi daɗewa. Shi ya taimaki Augusta ta kafa lambun nazarin tsirrai mai faɗin eka 9 a Kew a 1759, ya riƙa samo iri daga ƙasashe, aka ɗauki William Aiton ya kula da shi. Wannan lambu ne ya bunƙasa ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ilimin tsirrai na duniya. Masani Linnaeus ya raɗa wa wani jinsin itace suna Stewartia don girmama shi, akwai kuma itacen Indiya mai jan fure da ake kira Butea. A 1762 ya sa aka yanka wa Samuel Johnson, mai ƙamus ɗin Turanci, fanshon fam 300 a shekara, duk da cewa Johnson ya shahara da yi wa mutanen Sikotland ba'a. Ya tallafa wa mai zanen gini Robert Adam da mai zanen hoto Allan Ramsay da masanin tarihi William Robertson. Ya sayi gidan Luton Hoo, ya tara littattafai da hotuna da na'urorin kimiyya a ciki. Bayan ya yi yawon neman lafiya a Italiya, ya gina wani gida a Highcliffe, a bakin teku. Ya bar majalisar dattawa a 1780, a 1785 kuma ya fitar da littafinsa mai juzu'i 9 a kan tsirran Birtaniya, wanda aka buga kwafi kaɗan ƙwarai.

A 1790 ya zame daga kan wani gangaren dutse a Highcliffe yana neman wani tsiro, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu a gidansa na Landan ranar 10 ga Maris 1792, yana da shekara 78, aka kai shi Rothesay a tsibirin Bute aka binne. Daga cikin 'ya'yansa, Charles ya zama janar ɗin da ya ci tsibirin Minorca a 1798, William ya zama babban limamin cocin Armagh a Ailan, Louisa ta yi suna a rubutu. Babban ɗansa John ya auri magajiyar filayen Cardiff a yankin Wales, aka ɗaga sarautarsa zuwa Marquess a 1796, kuma jikan wannan John ɗin ne ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Cardiff a 1839, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin fitar da kwal a duniya.